Kwana 23 a gefen gadon Baba

Kafin wannan jinya ban san fankiriyas ba, gaɓar nan ta bayan tumbi mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Ƙarin da ya fito wa Baba a kanta ya manne da babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Dole likitoci suka cire kan fankiriyas ɗin tare da wani yanki na jijiyar, suka yi mata faci da jijiyar da suka ciro a wuyansa. Aikin Whipple suke kiran tiyatar cire kan fankiriyas ɗin.

Na ɗauka da an fito daga tiyata shi ke nan. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kwana biyar, ɗinkin fankiriyas ya fara yoyo. Ruwan nan da ke narkar da nama yana iya cin jijiya, jini ya ɓalle. Ga kuma fargabar jini ya daskare a facin. A ba da maganin tsinka jini, ana tsoron zuba; a hana, ana tsoron toshewa. Gaba kura, baya sayaki. Ban ga laifin likitan ba da ya daɗe yana nazari.

Jiya aka cire robar da ke fitar da ruwa daga cikinsa. Ya ce: "Ɗiyata, yunwa nake ji." Sai hawaye. Alhamdulillahi.