Harafi ɗaya ya ɓoye mini kufan kakanninmu

Ƴan'uwa masu bin diddigin asali, ranar Asabar da ta wuce na tsaya da ƙafafuna a kan kufan da aka haifi kakana, mahaifin babana, bayan shekara ɗaya da wata bakwai ina nemansa a cikin takardu, kuma har yanzu da nake wannan rubutu farin cikin bai sake ni ba. Abin da ya tsare ni duk wannan lokaci bai wuce harafi ɗaya ba, shi ya sa nake so in bayyana shi dalla-dalla, domin na tabbata akwai wanda yake zaune a kan irin wannan matsala yanzu haka.

Abu uku na fara da su, kuma duka daga bakin gwaggona suka fito, wadda ita kaɗai ta rage a cikin ƴaƴan kakan nawa. Sunan garin Garin Malam, yana kudu da Damagaram, kuma mutanenmu sun baro shi a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, suka kwana biyu a hanya da kakana goye a baya, suka sauka a unguwar Zango ta Zinder. Kuskurena na farko shi ne na ɗauka unguwar Garin Malam ta nan cikin Zinder take nufi, na ce tsufa ne ya sa ta ƙara nisa a cikin labarin, na ɓata wata uku ina zaga dattawan unguwar. Daga baya na koma ga kundin sunayen garuruwa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2014 bisa ƙidayar 2012, na tarar da masu wannan suna da yawa, domin duk inda wani malami ya sari daji ya zauna da almajiransa, sunan da maƙwabta za su ba wurin ke nan. Na je biyu daga cikinsu a kan kabu-kabu, dukansu an kafa su ne bayan zuwan Nasara da daɗewa.

Sai na yanke shawarar tafiya Yamai, inda tsofaffin takardun mulkin mallaka suke, tunda an mayar da babban birni can daga Zinder a 1926. Tafiyar kilomita wajen 900 ce, kuma tsakanin kuɗin mota, masauki, abinci da fotokofi, jikka saba'in suka fita daga aljihuna, kuɗin da na tara don gyaran rufin ɗaki kafin damina. Na dawo da shafi fiye da ɗari na rahotannin rangadi da jerin garuruwan da ake karɓar lanho, wato haraji, a kudancin Damagaram, na bi su layi-layi har sau uku, babu Garin Malam ko ɗaya a yankin da nake zato. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ɗaure takardun a cikin leda na jefa su ƙasan akwati, na yi wata huɗu ban taɓa su ba, har na fara zargin cewa sunan garin ya rikice a bakin gwaggo.

Ashe tambayata ce ba ta da kyau. Kullum ina tambayarta sunan gari, ita kuma tana maimaita mini abin da ta sani. A cikin azumi na same ta a tsakar gida tana ɓare tsamiyar kunu a faifai, ta ɗanɗana ɗaya ta yamutsa fuska, ta ce, "Ɗana, Baba yakan ce duk tsamiyar birni ba ta kai ta bakin rijiyarsu ba, wadda ake kiran rijiyar da sunanta." Na ce, "Gwaggo, wace rijiya?" Ta ce, "Rijiyar Tsamiya mana, ai ba ka taɓa tambayata ba." A daren na ciro ledar, na duba ƙarƙashin R, da duk yadda Bafaranshe zai iya rubuta rijiya, Rijia da Ridjia da Rigia, sannan na duba ƙarƙashin T, Tsamia da Tsamiya da Tchamia. Ban sami kome ba.

A nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne gizo yake saƙar. Dukanmu mun san sauye-sauyen da aka saba gani a rubutun Faransanci, cewa Gidan ya zama Guidan, Unguwar ta zama Angoual, Kance ta zama Kantché, Tasawa ta zama Tessaoua, kuma ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace gaba ɗaya. Na ɗauka na haddace su duka. Wanda ban lura da shi ba shi ne ts, sautin da babu shi a Faransanci, wanda kunnen mai rubutun yakan ji shi kamar s kawai, musamman idan maganar ta bi ta bakin tafinta kafin ta isa alƙalami. Na gane haka ne a wani ɗakin karatu a nan Zinder, ina karanta tarihin Damagaram don wata bukata dabam, sai idona ya tsaya a kan Sossébaki, wato ƙasashen Tsotsebaki irin su Mirya da Waca da Dungas. Sunan da na karanta sau da yawa ban taɓa tsayawa a kansa ba. Na rufe littafin, na hau babur na koma gida ko sallama ban yi da kyau ba, na buɗe takardun a ƙarƙashin S. Ga shi nan a shafin da na bi sau uku, Samia, da sunan mai gari a gefensa, a cikin wani rahoto da aka rubuta kafin Kakalaba. Wata takwas yana cikin akwatina. A duk karatun da na yi a baya, idona yana wucewa ta kansa ne kamar sunan mace.

Wato wuri ɗaya yana da suna uku. Mutanen gidanmu suna kiransa da malamin da ya kafa shi, mai rangadi ya rubuta shi da sunan rijiyar da ya shayar da dokinsa, maƙwabta kuma, kamar yadda na ji daga baya, suna da nasu sunan. A ganina, duk mai neman ƙauyen da ya tashi kafin ƙidayar zamani ya fara da tambayar rijiya, da tafki, da itacen da ake kwatance da shi, kafin ya tambayi sunan gari, domin sunan gari yakan mutu tare da mai garin, rijiya kuwa tana nan inda aka gina ta.

Amma ban yarda da kaina nan take ba, domin tsamiya a bakin rijiya ba abin mamaki ba ce a ƙasarmu, kuma na riga na sha wuya a hannun suna mai kama da suna. Abin da ya taimake ni shi ne tsarin rahoton kansa. Mai rangadi bai jera garuruwan bisa haruffa ba a cikin bayanin tafiyarsa, ya jera su ne yadda ya bi su a kan doki, wannan bayan wannan. Garin da ya ambata kafin Samia da wanda ya ambata bayanta duka suna raye har yau, suna cikin kundin 2014 da ma'aunin inda suke, kuma dukansu suna tsakanin Dogo da Bande, gabas da hanyar Magarya. Na ja layi tsakaninsu a kan tsohuwar taswirar nan ta ɗaya bisa 200 000, na tarar da alamar rijiya ita kaɗai, babu gari kusa da ita. Nisan wurin daga birni ya yi daidai da kwana biyu ga mutane masu yunwa da goyo. A jerin lanho na bayan yunwar kuma, sunan ya fita. Wannan dabara ta bin sawun dokin mai rangadi ita ce abin da na fi alfahari da shi a cikin aikin nan gaba ɗaya, kuma ina roƙon duk wanda yake da irin waɗannan rahotanni ya gwada ta.

Da na isa garin da ya fi kusa, na fara da gaida mai gari, na miƙa goro, na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman tsohuwar rijiya mai tsamiya da ke yamma da ku." Da gangan ban ambaci Garin Malam ba, ban kuma faɗi sunan kakan babana ba, domin na koyi cewa dattijo mai kunya yakan amsa maka da abin da ka zo da shi don kada ka koma hannu banza. Ya sa aka kira wani tsoho da ba ya gani sosai, wanda ya saurare ni ya ce, "Yaro, Kufan Malam kake nufi." Ya ce ya ji daga mahaifinsa cewa mutanen wurin sun watse a babbar yunwa, wasu suka nufi Damagaram, wasu suka yi kudu wajen Daura. Sannan ya faɗi laƙabin malamin, laƙabin da gwaggo take faɗa, wanda ban taɓa jin sa a bakin kowa ba in ban da mutanen gidanmu. Na kasa magana na ɗan lokaci, mai gari ya ce a kawo mini ruwa.

Jikan tsohon ne ya raka ni. Kufan gonar gero ce yanzu, an riga an yi girbi, kara a tsaye. Ƙasar wurin ta fi ta kewaye duhu, kuma duk inda ka tona da yatsa sai ka ci karo da tsingaro. Rijiyar ta rufta, saura rami mai faɗi da ciyawa ta cika, amma tsamiyar tana nan, rabinta ya bushe, rabi yana da ƴaƴa. A gefen gabas akwai wani fili da manoma ba sa sa garma a cikinsa, yaron ya ce makabarta ce, na tsaya na yi musu addu'a. Na tsinko tsamiya cikin hulata na kawo wa gwaggo, ta riƙe ta a hannu ta daɗe tana kuka, ta hana a jiƙa ta.

Abin da ya rage yanzu shi ne reshen da ya yi kudu. An shata iyakar nan tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1908, saboda haka waɗanda suka gudu wajen Daura a Kakalaba sun shiga takardun Ingilishi ne, waɗanda ake ajiye da su a Kaduna, kuma a can rubutun sunaye yana da nasa tarkon dabam da zan fara koyo daga tushe. Kuɗin wannan tafiya ba su samu ba tukuna, rufin ɗakin ma yana jira. Kafin nan zan koma wurin tsohon da waya mai ɗaukar murya a kasuwa mai zuwa, domin ya ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen gaba da kakarta ta fito daga Kufan Malam, kuma ta san sunayen gidajen.