Busar nan

Ruwa tun azahar. Kasuwar Barci ba ta shigu ba, ɗinkin Hajiya sai gobe in Allah ya kai mu.

Bayan isha'i Auta ya kunna mana Sholay a wayarsa, wai yana so ya ga me Inna take gani a wannan fim ɗin Indiya na 1975. Wayar ta sha ruwa da rana, sai sautin ya ɗauke daidai wurin gada, inda aka harbi Amita. Haka muka kalli mutuwar shiru. Abokinsa na rungume da shi, baki na motsi, ba a jin komai. Auta ya tuntsire da dariya, wai jinin kamar manja. Ni ma, Allah ya yafe mini, sai da na murmusa.

Inna ta miƙo tata wayar. "Ku sa a nan. Ba ku ga mutuwar ba tukuna."

Na ce, "Inna, ai mun gani."

"Faɗuwa kuka gani. Ku koma baya, tun wurin fitilu."

Muka koma. Dare ne, Amita na zaune yana hura ɗan abin busarsa na baki, matar nan mai fararen kaya da mijinta ya mutu tana bin fitilun bene tana kashewa ɗaya bayan ɗaya. Ko uffan ba su ce wa juna ba, busar ce ke kai saƙo. Ashe tun nan R.D. Burman, mai kiɗan fim ɗin, ya ɗana mana tarko. Ya bari kunne ya saba da busar mutumin yana raye, har ta zame masa suna. Da ta sake tashi bayan ya mutu, ga busa babu mai busawa, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ba harsashin nake wa kuka ba, daren fitilun nan nake tunowa.

Auta ya yi tsit.

Can Inna ta ce, idonta a kan wayar, "Babanku da ita yake fito in yana wanke Vespa. Kullum sai na hana shi, in ce fito da dare ba kyau."

Ta tashi ta shige ɗaki, ko sai da safe ba ta ce mana ba.

Yanzu ɗaya saura. Ruwan ya tsagaita, sauro ya karɓi aiki. Ɗazu na kama kaina ina neman bin busar da baki, na tuna dare ne, na fasa.