Zamana a Gore, ga masu tambayata daga Tawa

Ƴan uwa na Tawa da ke ta tambayata wai ina ne wanga wuri da nike saka hotonshi kullum ruwa ta ko'ina, to sunanshi Gore, ƙaramin tsibiri ne cikin teku gaban Dakar. Bida ta kawo ni kamar kowa, mu ƴan Adar ai an san mu da hita, sai dai yawancin namu Abijan ko Libiya sunka nuhwa, ni kuwa kawuna na Dakar shina gasa nama, wanda ƴan Senegal ke ce ma dibi hausa, shi ya ce in taho. Motar bas na shiga daga Yamai, Wagadugu, Bamako, Kayi, Tambakunda, hanya mai wuya ƙwarai amma dai sefa guda ce har can ba ruwanka da canji.

Gashin nama bai karɓe ni ba, ni ɗan gidan dukawa ne da fata hannuna ya saba. Wani dattijo Buzu mai saida azurfa shi ya ce yaro zo ka raɓa da ni Gore inda annasara ke zuwa kallo, Allah ya saka mishi da alheri. Da hwarko kullum sahe sai in shiga jirgin ruwa daga tashar Dakar, minti 20 ne kamar, daga baya na samu ɗaki wajen wata tsohuwa da nike ce ma yaay wato inna, ita ta hwara koya min Wolof don nan in ba ka jin shi ko faransancinka ya kai ina baƙo kake. Abin da ya hi ba ni wahala ba harshe ba ne, danshi ne. Mu da munka saba da busasshiyar iska, nan gishirin teku na cin ƙarhe, fata kuwa in ka bar ta cikin jaka da damina sai ka iske ta yi hunhuna, na yi asarar kaya kahin in koyi shanya su da shahwa musu mai. Shinkahwa da kihi kullum da rana, na saba yanzu har ina so, amma kewar hura ba ta barin mutum.

Tsibirin tsawonshi wajen mita 900 ne, faɗin kamar 300, ba mota ba kabu-kabu, ƙahwa kowa ke takawa cikin lunguna masu yashi tsakanin tsohin benaye ja da rawaya. Kudu akwai tudun baƙin dutse da ake ce ma Kastel, manyan bindigogin Faransa na nan bisa sun yi tsatsa, ƙarƙashinshi masallaci na bakin ruwa inda nike salla kana jin teku na bugun dutse. Tarihin kuwa bakin masu zagayawa da baƙi na tsince shi, don gaban teburina suke tsayawa. Ƴan Fotugal sunka iso 1444, Holan ta riƙe, Faransa ta ƙwace 1677, Ingila na amshewa tana maidawa har 1817. Duk wanga rikici kan ɗan wurin da ba gona ba kiwo, dalili jirage na samun mahwaka daga iska in sunka tsaya gehenshi, kuma tsibiri na da sauƙin tsaro. Da anka kahwa Dakar 1857 sai ciniki ya koma tudu, Gore ta yi sanyi.

Abin da ya sa na ji wurin ya zama nawa shi ne ranar da na ji lakkwal William Ponty nan Gore take tun 1913 har ƙarshen shekarun 1930, kuma Bubu Hama da Diori Hamani nan sunka yi karatun malanta. Ku duba hwa, yara daga ƙasarmu wadda ba ta da teku, zamanin da ba kwalta, sun zamna nan sun sha wanga danshi. Ginin ya tsuhwa ƙwarai, in na bi ta gabanshi raina na ɓaci.

Sai Gidan Bayi, wanda saboda shi duniya ke zuwa, UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya tun 1978, Mandela ya zo, Fafaroma ya zo 1992, Obama 2013. Ɗakuna ne ƙanana masu duhu a ƙasa, da wata ƙohwa da ke buɗewa kai tsaye ga teku. Masana na gardama kan yawan bayin da sunka bi ta nan, wasu na cewa tashoshi irin Wida ta ƙasar Benin sun hi shi nesa, ni dai na shiga kuma na ga baƙaƙen Amurka na kuka kamar yau anka ɗauke musu uwa. Ni abin da ya tsaya min daban ne, gida na tuna. Faransa ta hana bauta 1848, mu sai 2003 anka yi dokar da ta maida ta laihi, kuma jiharmu ta Tawa ce Hadijatu Mani ta hito, wadda anka saida tana yarinya har kotun CEDEAO ta ba ta gaskiya 2008. Mu duka mun san maganar wahaya, wato yarinyar da ake saye a kira ta mata ta biyar, mun san gidajen da ake hana ma aure don wai asalinsu, kuma a fada ba mai son a tada zancen. Ni wallahi tun ranan ban ƙara kiran kowa da sunan bawa ba ko da wasa, kuma na hwaɗa ma ƙannena.

Masu cewa za su taho, kar ku taho ba mai masauki, ɗaki nan wuya gare shi kuma da damina baƙi na raguwa ciniki ya tsaya. Wanda ya tashi tahowa ya biya gidanmu, baba zai ba shi jar fata ya riƙo min, tawa ta kusa ƙarewa.