Abin da littafin zaɓen masu jifa ya tona mini

A shekarun da na yi ina aiki a sashen labaran wasanni, babu gardamar da ta fi cinye mana lokaci kamar wadda ake yi a jajibirin babban wasan kurket, idan wata ƙasa ta je baƙunta kuma ana jiran a ji waɗanda za a danƙa wa jifa. Wanda ya san wasan ya san dalilin zafin gardamar. A wasan Tes, mai ɗaukar kwana biyar, ƙungiya ba ta cika yin nasara ba sai ta fitar da masu bugun abokiyar karawarta sau 20, goma a kowane zubi, kuma wannan aikin masu jifa ne. Gurabensu cikin 'yan wasa 11 ba su wuce huɗu ko biyar, ga shi dole a raba su tsakanin masu jifan gudu, da ke dogara ga sauri da karkacewar ƙwallo a iska, da masu murɗe, da ke juya ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu domin ta sauya hanya idan ta dira a daɓen tsakiyar fili. Ana kuma miƙa sunayen ne kafin a jefa kwabo, wato tun kyaftin bai san ko shi zai fara bugu ba, balle ya san yadda daɓen zai koma a rana ta huɗu.

A lokacin ina cikin masu yawan magana bayan an tashi wasa, kuma hujjar da na fi ɗauka a baki ita ce ziyarar Ingila zuwa Indiya a 2012. A wasan farko a Ahmadabad an ajiye Monty Panesar, aka bar Graeme Swann kusan shi kaɗai da nauyin murɗe, Ingila ta sha kashi. A wasa na biyu a Mumbai aka dawo da Panesar, ya fitar da mutum 11, Swann ya fitar da 8, su biyu suka kwashe 19 cikin 20, kuma daga ƙarshe Ingila ta ci jerin wasannin da 2 da 1. Duk wanda ya yi musu da ni, da wannan nake rufe masa baki. Wata rana shugaban sashenmu, dattijon da muke kira Malam, ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo wani ƙaramin littafin rubutu daga aljihun teburinsa ya tura mini. Ya ce, "Ƙanena, duk abin da kake faɗa ihu ne bayan hari. Daga yau ka riƙa rubuta mini mutanenka da dalilinka kafin a jefa kwabo, ka sa kwanan wata, kuma da biro, ba da fensir ba." Na ce, "To, Malam," ina ganin abu ne mai sauƙi.

Shafin da ya fara kunyata ni na Fabrairun 2021 ne, lokacin da Ingila ta koma Ahmadabad domin wasan dare da ake yi da ƙwallo mai ruwan hoda. Ni da na shekara ina wa'azin cewa ba a shiga filin Indiya sai da masu murɗe biyu, sai ga hannuna ya rubuta masu gudu uku da mai murɗe ɗaya. Dalilin da na bayar layi guda ne: wata biyu kafin nan, a wasan dare a Adelaide, masu gudun Ostareliya sun tattara Indiya a kan maki 36 kacal. Masu zaɓen Ingila ma haka suka yi, suka sa James Anderson da Stuart Broad da Jofra Archer, suka bar Jack Leach shi kaɗai a matsayin ƙwararren mai murɗe. Wasan bai wuce kwana biyu ba. Cikin mutum 30 da aka fitar, masu murɗe ne suka fitar da 28. Axar Patel na Indiya ya ɗauki 11, kuma Joe Root na Ingila, wanda asalin aikinsa bugu ne, ya fitar da biyar a kan maki 8, abin da ya isa ya nuna irin daɓen da aka yi wasan a kai.

Washegari Malam bai ce mini na yi kuskure ba. Ya ɗauko wata tsohuwar ƙwallo da yake ajiyewa, ya sa na bi ɗinkinta da babban yatsa, layi shida da suka zagaye ta. Ya bayyana mini cewa a Ostareliya da ƙwallon kamfanin Kookaburra ake wasa, wadda layi biyu na tsakiya kawai ake ɗinkawa da hannu, shi ya sa ɗinkinta ke saurin kwanciya. A Indiya kuwa SG ce, a Ingila Dukes, dukkansu ɗinkin hannu ne mai tudu. Launi ne kawai ya haɗa ƙwallon Adelaide da ta Ahmadabad, amma kamfani daban, ƙasa daban, iska daban. Wani abin da ban lura da shi ba ma shi ne, santsin fentin da ake ƙara wa ƙwallo mai ruwan hoda, wanda na ɗauka masu gudu zai taimaka wa, shi ya sa ta riƙa sulalewa miƙe daga hannun masu murɗe, masu bugu suna jiran ta juya ita kuwa ta wuce ta doki sandunan da suke karewa ko ƙafarsu.

Wata huɗu bayan haka Indiya ta je Southampton, a Ingila, domin wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya da Niyu Zilan. Na rubuta cewa lallai a sa masu murɗe biyu, Ravichandran Ashwin da Ravindra Jadeja, tare, domin na ga abin da raina murɗe ya jawo a Ahmadabad. Indiya ta sanar da su biyun tun ana gobe wasa. Ruwan sama ya cinye ranar farko gaba ɗaya, ba a ma jefa kwabo ba, wato akwai damar sauya sunaye, amma aka bar su yadda suke. Niyu Zilan ta shiga ba tare da ƙwararren mai murɗe ko ɗaya ba, mai gudunta Kyle Jamieson ya fitar da biyar a zubin farko, aka kai har rana ta shida da aka tanada saboda ruwa, kuma Niyu Zilan ta ɗauki kofi. A Yunin 2023 kuma, da Indiya ta sake zuwa wasan ƙarshe, wannan karon da Ostareliya a filin Oval na Landan, na rubuta cewa a ajiye Ashwin a ƙara mai gudu, na kafa hujja da Southampton. Haka aka yi, ko da yake shi ne na ɗaya a jerin masu jifan Tes na duniya a lokacin. Indiya ta ci kwabo ta zaɓi fara jifa a ƙarƙashin hadari, daga baya rana ta buɗe, Travis Head ya yi 163, Steve Smith ya yi 121, Ostareliya ta tara 469 a zubin farko ta kuma ci wasan da ratar maki 209.

Bayan wannan wasan ne Malam ya karɓi littafin, ya buɗe shafukan uku, ya ce in karanta masa dalilan kawai, ban da sunayen 'yan wasa. Na karanta: Adelaide, Ahmadabad, Southampton. A kowane shafi, abin da na kira dalili sunan wasan da ya wuce ne, kuma babu inda na rubuta kalma ɗaya a kan daɓen da za a yi wasa a kai, ko ƙwallon da za a riƙe, ko masu bugun da za a fuskanta. Ashe duk tsawon lokacin ina zaɓen mutane ne domin wasan da aka riga aka tashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni sau uku ina gudu, kowane karo zuwa inda wani macijin yake kwance. Abin da ya ɗan rage mini kunya, in har ragewa ce, shi ne ganin cewa masu aikin da kansu ba su tsira daga wannan ba. A Disambar 2021 Ingila ta ajiye Anderson da Broad a Brisbane, can Ostareliya, ta sa Leach, aka ci maki 102 a jifansa cikin ɗan lokaci. A wasa na gaba a Adelaide sai aka ajiye shi, har ta kai Ollie Robinson, mai jifan gudu, ya koma yana murɗe don cike gurbin.

Akwai kuma wani kuskure na biyu da ke ƙarƙashin na farko, wanda ya fi wuyar gani, domin shi ne ke haifar da darasin ƙarya tun daga tushe. Na ɗauka cewa duk ƙungiyar da ta sha kashi, zaɓen masu jifanta ne ya kayar da ita. Da na koma na duba alƙaluman Southampton a natse, sai na ga Indiya 217 ta yi a zubin farko, 170 a na biyu, maki da da wuya su ishi kowace irin tawagar masu jifa karewa, kuma mutum biyun da Niyu Zilan ta rasa a zubin ƙarshe Ashwin ne ya fitar da su. Ke nan wasan da na kafa hujja da shi wajen ajiye Ashwin bai ma faɗi abin da na ce ya faɗa ba. Gardamar masu jifa tana da daɗin yi saboda tana da fuska da suna, akwai mutumin da aka bari a benci wanda za a iya nunawa a ce da shi ne da ba haka ba, kuma ɗan wasan da bai shiga fili ba babu wanda zai ci maki a jifansa. Rushewar masu bugu kuwa ba ta ba mai sharhi irin wannan abin riƙewa.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake cika shafin. Nakan fara da ƙwallon da za a yi amfani da ita, sannan abin da aka gani a daɓen da hasashen yanayi na kwana biyar, ba na safiyar farko kaɗai ba, sannan masu bugun ɗaya ɓangaren da hannun da kowannensu ke bugu da shi, sannan wanda zai iya ɗaukar dogon jifa da rana tsaka idan ƙwallo ta tsufa, tunda ba a samun sabuwa sai bayan oba 80, kowace oba kuma jifa shida ce. Ba na ambaton wasan da ya wuce sai in ƙwallo ɗaya ce kuma ƙasar iri ɗaya.

Game da Oval kuwa har yau ba mu daidaita da Malam ba. Ni ina ganin dalilin da na rubuta ne rubabbe, amma shawarar kanta tana da abin kare ta, domin a wannan filin dai, a Satumbar 2021, Indiya ta doke Ingila da maki 157 ba tare da Ashwin ba, kuma wanda ya kalli ciyawar daɓen da hadarin safiyar ba zai zargi mai son ƙarin mai gudu ba. Shi kuwa duk lokacin da zancen ya taso sai ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu yana ƙirga bahagwan da ke cikin bakwai na farkon Ostareliya, Warner, Khawaja, Head, Carey, ya tuna mini cewa jifan Ashwin yana juyawa ne ya nisanci bahago, kuma Nathan Lyon, mai murɗen Ostareliya, ya fitar da huɗu a zubin ƙarshe a kan wannan daɓen. Sannan ya tambaye ni ko na rubuta waɗannan sunaye huɗu a shafina kafin a jefa kwabo, alhali ya san sarai ban rubuta ba.