Goju-ryu: yadda gidajen da suka fito daga malami ɗaya za su yi horo tare

Chojun Miyagi, wanda ya kafa salon karate na Goju-ryu a garin Naha da ke tsibirin Okinawa, ya rasu a watan Oktoban 1953 bai naɗa magaji ba. Babban almajirinsa da ake sa ran zai gaje shi, Jin'an Shinzato, ya riga shi rasuwa a yaƙin da aka gwabza a tsibirin a 1945. Sai kowa ya kama gabansa. Meitoku Yagi ya riƙe makarantar Meibukan, Eiichi Miyazato ya buɗe Jundokan, Seikichi Toguchi ya kafa Shoreikan, Seiko Higa kuma dama yana da makarantarsa tun malamin na raye. Can a babban yankin Japan, Gogen Yamaguchi ya yaɗa Goju-kai. Daga baya Morio Higaonna, wanda ya yi horo a Jundokan, ya kafa ƙungiyarsa ta IOGKF a 1979.

Duk waɗannan gidaje silsilarsu tana komawa ga mutum ɗaya, kuma dukansu suna riƙe da kata goma sha biyun nan, wato jerin motsin da ake haddacewa, daga Sanchin da Tensho da Gekisai biyu, zuwa Saifa, Seiyunchin, Shisochin, Sanseru, Sepai, Kururunfa, Sesan da Suparinpei. Amma tsayar da ɗalibai biyu daga gidaje biyu su yi Saifa kafaɗa da kafaɗa, kafin su kai rabi za ka ga sun rabu a zurfin tsayuwa, da saurin juyi, da inda hannu ke tsayawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗanda suka yi karatu wurin Miyagi kafin yaƙi da waɗanda suka same shi bayan yaƙi ba lokaci ɗaya na rayuwarsa suka riska ba, kuma shi malami ne mai duba jikin almajiri kafin ya ba shi abin da zai riƙe. Don haka idan malamai biyu suka ce "haka Miyagi ya koyar", yana yiwuwa duka biyun gaskiya suke faɗa.

Nan ne mafi yawan masu son haɗa kai suke tuntuɓe. Suna farawa da tambayar da ba ta da amsa, wato kata ta wa ce ta asali, sai taro ya watse kafin a sa tufafin horo. A ganina tarihin Okinawa kansa ya riga ya nuna inda ya kamata a fara da inda ba a taɓawa.

A ranar 25 ga Oktoba, 1936, jaridar Ryukyu Shimpo ta tara manyan malamai a Naha, cikinsu da Miyagi da Chotoku Kyan da Choki Motobu da Chomo Hanashiro. Maganar da ta fi fitowa daga zaman ita ce ta rubuta sunan karate da ma'anar "hannu ba makami", kuma saboda wannan zaman ne majalisar Okinawa ta ware ranar a matsayin ranar karate a 2005. A farkon shekarun 1940 gwamnatin tsibirin ta nemi a samar da kata masu sauƙi don makarantu. Shoshin Nagamine ya tsara Fukyugata ta farko, Miyagi ya ba da ta biyu, wadda 'yan Goju-ryu suka sani da Gekisai dai ichi. Ba a goge tsohuwar kata ko ɗaya ba, ƙari aka yi a gefe wanda kowa zai iya shiga. Shi ya sa a 2016 mutum 3,973 daga gidaje daban-daban suka iya yin kata tare a titin Kokusai na Naha.

Ɗaya gefen kuma, ƙungiyar haɗin gwiwar malaman karate na Okinawa da aka kafa a 1956 ƙarƙashin Choshin Chibana, aka sake mata fasali a 1967, ta tsage a 1981. Abin da ya tsaga ta shi ne batun shiga ƙungiyar karate ta ƙasar Japan domin gasar wasannin ƙasa da Okinawa za ta karɓi baƙunci a 1987, wanda ke nufin bin ƙa'idar gasa da tsarin ba da daraja na wasu. Sai a 2008 manyan ƙungiyoyi huɗu suka sake zama ƙarƙashin inuwa ɗaya, Okinawa Dento Karatedo Shinkokai, kuma kujerar shugabanci gwamnan Okinawa aka ba, ba wani malamin karate ba. Kowace ƙungiya ta ci gaba da riƙe sunanta da jarrabawarta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, sai aka ɗauko wanda ba ya takarar sarautar.

To, idan gidaje uku ko huɗu na Goju-ryu a gari ɗaya ko ƙasa ɗaya suna son su kusanci juna, abin da za a fara da shi shi ne horon haɗin gwiwa, wanda ake kira gasshuku, ba kafa ƙungiya ba. Kwana biyu sun isa. A raba kowane yini zama uku na minti casa'in, da hutun aƙalla rabin sa'a a tsakani. A ƙiyasta murabba'in mita huɗu ga kowane mutum; idan zauren bai kai ba, a rage adadin da kowane gida zai kawo daidai wa daida, kada mai masauki ya cika wuri da nasa. Kowane malami a ba shi zama guda cikakke, tsawon lokaci iri ɗaya, kuma a yi ƙuri'a kan wanda zai fara. Yayin da wani ke koyarwa, sauran malaman su shiga sahu su yi abin da ya ce, kada su harɗe hannu a bango suna kallo. Ɗalibai fuskar malaminsu suke karantawa. Da ya ɗan yatsina, an gama da zaman.

Kafin a kai ga motsi ma akwai gaban zaure, shomen. Hoto biyu kawai za a rataya, na Miyagi da na malaminsa Kanryo Higaonna. Da zarar an ƙara hoton wanda ya kafa gida ɗaya, sai an ƙara na sauran, daga nan sai gardamar wa ke dama wa ke hagu. Jeren gaisuwa ma haka. Kada a jera malamai bisa lambar dan, wato matakin darajar masu baƙin bel, domin dan bakwai na wannan gida ba lallai ya yi daidai da dan bakwai na wancan ba. A jera su bisa shekarun haihuwa, abin da babu mai musu a kai. Ɗalibai kuwa a cakuɗa su, masu baƙin bel a gaba, saura a baya, ba tare da an ware gida-gida ba.

A fara da abin da kowa ya yarda da shi: junbi undo, motsa gaɓoɓi daga yatsun ƙafa zuwa wuya, minti ashirin. Sai hojo undo da kayan gargajiya, chishi, wato sanda mai kan dutse ko siminti, tulunan nigiri game, da makiwara ta duka. Ga wanda bai saba ba, chishi mai kilo uku zuwa huɗu ta isa, kuma a duba cewa kan bai yi sako-sako a jikin sandar ba kafin a ɗaga ta bisa kai. Daga nan kakie, inda mutum biyu ke haɗa damtse suna turawa suna ja. Minti biyu a kowane hannu, a canza abokin yi, da sharaɗin kada ka kama ɗan gidanku. Babu abin da ke karya girman kai da sauri kamar kakie, don hannu yana gane wanda ya yi horo ko da wane tambari ne a ƙirjinsa.

Sanchin ce wurin da ya fi buƙatar hattara. Wasu gidajen suna yin ta da juyawa, kamar yadda ake jingina wa Kanryo Higaonna, wasu suna tafiya gaba su dawo da baya ba juyi, wasu suna koyar da duka biyun. Numfashin ma ya bambanta, wani gida da ƙara mai ƙarfi daga maƙogwaro, wani a hankali daga ƙasan ciki. Wannan duk ba ya cutarwa. Abin da ke cutarwa shi ne shime, gwajin da malami ke yi yana danna ko marin kafaɗu da cinyoyi da sha-raɓa don ya ji ko tsoka ta ɗaure. Ɗalibin da ya saba da dannawa kawai, idan baƙon malami ya sauke masa tafi biyu da ƙarfi a kafaɗa, zai ɗage kafaɗun ya riƙe numfashi, nan take tsayuwar ta lalace, wuya kuma ya ɗauki nauyin. A rubuta tun kafin taro cewa shime mai duka malamin ɗalibi ne kaɗai zai yi masa. Baƙo dannawa kawai. Ba a taɓa ƙashin baya, da saitin ƙoda, da gwiwa. Yara da masu hawan jini su yi Sanchin da sassauƙan numfashi, ba shime.

Sauran kata kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a sa kowa ya yi tare da ƙirga ɗaya. Inda wani gida ke ƙirga motsi biyu, wani guda yake ƙirgawa, sai sahu ya rikice mutane su yi karo. A zaɓi kata ɗaya gajera, Saifa ta fi dacewa, kowane gida ya fito da mutum biyu su yi ta sau biyu, sannan malaminsu ya nuna bunkai, wato amfanin motsin a jikin abokin faɗa. Tambaya ɗaya aka yarda a yi: me wannan motsin yake yi a wurinku? Ba a cewa an yi kuskure. Sau da yawa za a ga bambancin tsayin hannu ya samo asali ne daga harin da gidan ke tunanin yana karewa, wani kamun wuyan hannu, wani naushi. Haka ma tsayuwar shiko-dachi a Seiyunchin: masu shiga gasa suna sauka har cinya ta kwanta daidai da ƙasa, wasu gidajen Okinawa suna tsayawa sama kaɗan don su iya motsi da wuri. Kata da wani gida ya ƙara na kansa, irin su Tenchi da Seiryu na Meibukan, a nuna su a matsayin kayan gidan, kada a sa su cikin abin da ake tilasta wa kowa.

Faɗan gwaji a bar shi sai haɗuwa ta biyu ko ta uku. Wanda ya saba da gasar maki yana tsayar da naushi kafin ya taɓa, yana jiran alƙali ya ce a dakata. Wanda ya saba da iri kumi yana shigowa jiki da gwiwa da kamu, ba ya tsayawa. Haɗa su ba shiri, hanci ne zai fashe, kuma labarin da za a kai gida shi ne an yi da gangan. A shekarar farko yakusoku kumite ya wadatar, inda an san wanda zai kai hari da inda zai kai.

Saura abubuwa biyu da ba a son faɗa a bainar jama'a, kuma su ne suke kashe irin wannan tafiya: daraja da kuɗi. Miyagi kansa bai raba wa almajiransa dan ba, bayan rasuwarsa ne ƙungiyoyi suka shigo da tsarin. Saboda haka babu gidan da zai ce takardarsa ce ta asali. Kada a yi jarrabawar bel a wurin taron haɗin gwiwa, ko da an roƙa. Duk wanda ya zo da bel daga gidansu, a karɓe shi da shi. Idan ɗalibi ya so komawa wani gidan, ya zo da takarda daga malaminsa na farko, ya ci gaba da ɗaura bel ɗinsa, amma kada a ƙara masa daraja sai ya shekara yana bin manhajar sabon gidan. Ba don wannan ba, taron zai zama kasuwar farautar ɗalibai, wanda ya fi saurin ba da dan shi zai kwashe su, sauran malaman kuma ba za su sake kawo nasu ba.

Kuɗin shiga ya zama ɗaya ga kowa. A fara cire kuɗin zaure da ruwa da kayan agajin gaggawa, abin da ya rage a raba wa gidaje daidai ko a ajiye don taro na gaba. Ma'aji ya fito daga gidan da ba shi ne mai masauki ba, a karanta lissafi a gaban malamai kafin a watse. Masauki kuma ya riƙa zagayawa. Hoton bidiyo ma a yi maganarsa: kada wani ya yanko inda malaminsu ke gyara wa ɗalibin wani gida tsayuwa ya ɗora a Facebook. Sakan goma na irin wannan yana rushe aikin shekara.

Idan an yi haɗuwa uku lafiya, ana iya tunanin gasar kata. Gasar ƙasa da ƙasa da Okinawa ta shirya a 2018 ta raba masu shiga bisa zuriyar salo, Naha-te daban, Shuri-te da Tomari-te daban, Uechi-ryu daban, maimakon a auna kowa da mudu ɗaya. A ƙaramar gasa tsakanin gidajen Goju-ryu, a zaunar da alƙalai biyar daga gidaje daban-daban, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci, a tara ukun tsakiya. Abin dubawa shi ne kafuwar ƙafa, da daidaituwar numfashi da motsi, da ƙarfi, da inda ido ke kallo. Kowane ɗan takara ya faɗi gidansu kafin ya fara, kuma kwana ɗaya kafin gasar alƙalan su zauna sa'a biyu, kowane gida ya nuna musu yadda yake yin kata ɗin da aka amince za a yi, don kada a rage wa yaro maki a kan abin da malaminsa ya koya masa daidai.