Yadda nake koyar da jimlar sharaɗi ta Turanci

Ina koyar da Turanci a darasin yamma, irin wanda ake yi wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB. A duk nahawun da muke bi, babu inda yara ke yawan tuntuɓe irin jimlar sharaɗi, wato mai ɗauke da "if". Littattafai sun kasa ta gida huɗu, sun sa musu lamba daga sifili zuwa uku. Yara su haddace tsaf, su rera maka kamar karatun allo, amma ka ce kowa ya rubuta wasiƙa, sai ka tarar da "If he came tomorrow, I will tell him" a takarda bayan takarda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu ƙoƙari da ragwaye duk wuri ɗaya suke faɗawa. Idan aji guda ya haɗu a kan kuskure ɗaya, to ba sakaci ba ne, akwai inda abin ya samo asali. A Hausa muna cewa "idan ya zo gobe zan gaya masa". Dubi "ya zo" ɗin nan: sigar abin da ya riga ya faru ce, alhali mutumin bai ma taso ba. Yaro ya ɗauko ta yadda take ya kai Turanci, ta zama "came". Turanci kuwa "If he comes" yake so. Wasu kuma su ce ai gobe ce, sai su cusa "will" bayan "if". Akwai inda Turawa ke yin hakan, wajen roƙo cikin ladabi, amma ba na buɗe wa 'yan jarrabawa wannan ƙofar.

Daga nan na daina farawa da lambobi. Yanzu jimla biyu nake rubutawa a allo, da Hausa zalla:

Idan na sami kuɗi zan sayi babur.
Da na sami kuɗi da na sayi babur.

Sai in tambaya, a cikin mutanen nan biyu wa ke da sauran sa rai? Ban taɓa shiga ajin da aka yi gardama ba. Kowa ya san na farko yana jira, na biyu kuwa ya riga ya rungumi ƙaddara. Wannan shi ne rabin darasin, kuma da shi suka zo daga gida. Abin da ya rage mini shi ne in nuna musu cewa Turanci ba shi da kalma biyu a nan. "If" ce ke ɗaukar duka, aikatau ne ke nuna bambancin. Duk lokacin da magana ta yi nisa da gaskiya, sai aikatau ya ja baya taki ɗaya. Mai sa rai ya ce "If I get money, I will buy a motorcycle". Mai mafarki da rana tsaka ya ce "If I had money, I would buy a motorcycle", kuma "had" ɗin nan ba jiya take nufi ba, yanzu take nufi, aljihu ne dai babu komai. Wanda damar ta wuce shi ya ƙara ja baya: "If I had got money, I would have bought a motorcycle".

A nan ne aikin yake, domin "da" ɗinmu ɗaya ce tana riƙe da biyun ƙarshe. Mu ba ma damuwa, yanayin hira ke nuna ko yau ake nufi ko bara. Turanci sai ya raba. Don haka tambaya ta biyu da nake sa su yi wa kansu ita ce: abin nan ya wuce ne, ko yanzu ne ba haka yake ba?

Misalan littafi na dusar ƙanƙara da jirgin ƙasan Landan ba sa motsa kowa. Ƙwallo ke motsa su. Na ɗauko wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da aka buga a Abidjan a watan Fabrairun 2024, inda Troost-Ekong ya fara ci wa Najeriya, Kessie ya farke wa Ivory Coast, Haller ya ƙara mata, aka tashi biyu da ɗaya. Na ce kowa ya faɗi abin da da an yi shi da kofin ya zo gida, amma da Turanci. Aji ya kaure. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba ya miƙe yana nuna ni da biro: "If we had defended well, we would have won!" Wani ya ce da ya zama kofi na huɗu, bayan na 1980 da 1994 da 2013, na ce to, a faɗa da Turanci. Ya yi ta lalube har ya kamo "It would have been our fourth". Mai jin haushi ba ya tsayawa tunanin lamba, maganar ce ke cinsa.

Wata yarinya a layin gaba ta kira ni ranar da na rubuta "If I had had time". Ta ce, "Malam, ka maimaita kalma." Na ce mata, "Ɗiyata, ta farko ma'aikaciya ce, ita ke ja da lokaci baya. Ta biyu ita ce mallakar." Ta kalli allo, ta kalle ni, ta rubuta, amma fuskarta ba ta yarda ba. Sai da ta ci karo da irinta a tsofaffin tambayoyin jarrabawa ta kawo mini tana dariya. Haka ma "If I were you" ke ba su haushi, tunda an raine su a kan "I was". Nakan ce su riƙe ta a dunƙule, ita ce "da ni ne kai", kuma ita masu jarrabawa ke nema, ko da za su ji "was" a bakin Turawan kansu.

Mai lamba sifili ba ta cin lokaci. Gaskiya ce ta kullum, ɓangarorin biyu duk a lokacin yanzu: "If you heat ice, it melts". Minti kaɗan mun wuce.

Wadda ba na wasa da ita ita ce rikicin "if" da "when", domin "idan" tamu tana aikin duka biyun. Muna cewa idan gari ya waye, idan an sha ruwa, idan an taso daga makaranta, ba don muna shakka ba. Yaro ya rubuta wa mahaifinsa "If you come back from the mosque", Bature ya karanta ya ɗauka ana kokwanton dawowar dattijon. Abin da tabbas zai faru "when" ne. Sai "unless", wadda ta riga ta haɗiye "not" a cikinta, amma kullum sai yara sun yi kuskuren ƙara mata wata.

Gauraye irin "If I had studied medicine, I would be a doctor now", inda sharaɗin ya wuce amma sakamakonsa na nan yau, nakan ajiye shi sai makonnin ƙarshe, kuma ga waɗanda ƙafarsu ta tsaya kawai. Sauran nakan ba su aikin gida na jimla goma a kan rayuwarsu, biyar na "idan" biyar na "da", su fara rubutawa da Hausa a gefen hagu kafin su taɓa Turancin.