Fuskar dariya uku a gurup ɗin aji

Sha ɗaya ta wuce kowa ya kwanta sai ni, nace bari in rubuta abin nan dan tun yamma yake cina a rai.

Da safe ba wani labari, sai da na tashi yara sau uku kafin autana ya buɗe ido (likitoci sunce masu shekarunsu na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, nawa dai in an ƙyale shi 12 zai yi), safa ɗaya ta ɓata, aka fita ana ƙunƙuni.

Da yamma ina ninke kaya a falo naji autan nawa yana ta ƙyaƙyatawa shi kaɗai da waya, nace kawo nima in dara. Ya miƙo min kuwa hankalinsa kwance, wannan ma shi yafi damuna, ko a jikinsa. Gurup ɗin ajinsu ne na WhatsApp. Wani yaro mai in'ina malami ya tayar yayi karatu, wani ya ɗauke shi bidiyo a ɓoye aka yanko daidai inda harshensa ya sarƙe ana ta maimaitawa har da sitika akayi da fuskarsa, kuma fa yaron yana cikin gurup ɗin yana kallon komai. A ƙasa ga nawa ɗan ya tura fuskar dariya har uku.

Wallahi jikina yayi sanyi. Yaron da yake ƙarami ko kyanwa aka kora sai yayi kuka, yau shekara 13 shine wannan? Na hau shi da faɗa ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, shi kuma sai cewa yake Mama ai ba ni na ɗauka ba, kowa ma yayi dariya, wasa ne fa.

Ina cikin haka yayarsa, ita 16 take, ta ɗago a hankali tace Mama dan Allah kar ki ji haushi, amma ranar Lahadi da kuna waya da Anti ai kema kin kwaikwayi maganar matar nan ta ofis ɗinku kuna ta dariya, kuma yana zaune a nan. Na buɗe baki zan ce ai wannan daban, na rasa ta ina ya bambanta, sai na ci gaba da ninke rigar da na riga na ninke.

Abin haushi na san zancen nan tun muna makaranta, gwajin Albert Bandura a jami'ar Stanford ta Amurka a 1961, da aka sa yara ƙanana suka kalli babba yana jibgar wani ɗan tsana na roba, da aka bar su da shi suma suka hau jibgarsa yadda suka gani. Har jarabawa na rubuta a kai amma ban taɓa kawo kaina ciki ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta yayi rarrafe.

Ni ba wai bana so su zo na ɗaya a aji ba, ina so mana kar in yi ƙarya, amma abin da nake roƙon Allah kullum shine su zama masu tausayi, irin waɗanda in aka ware wani a gefe su za su matsa masa ya zauna, ba dan ina kallo ba. Babansu da na faɗa masa cewa yayi in bi shi a sannu, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum burki baya gama ƙwari sai wajen shekara 25, kuma a shekarun nan maganar abokai tafi tamu nauyi a kunnensu. Na yarda, amma shi wancan yaron ai ba zai jira shekara 12 kafin a daina masa dariya ba.

Da dare na shiga ɗakinsa na zauna bakin gado, na fara da nawa laifin, nace abin da nayi ranar Lahadi ba daidai bane. Yayi shiru can yace Mama in nayi magana a gurup kaina za su dawo. Gaskiya ya faɗa, kuma ban da amsa mai daɗi da zan bashi, nace masa eh zai iya faruwa. Bai ce komai a gurup ɗin ba, amma ya goge dariyarsa, ya tura wa yaron saƙo shi kaɗai, layi ɗaya tak wai kayi haƙuri.

Wayar tana nan kusa da ni tana caji, an nuna ya karanta tun tara da rabi, har yanzu bai amsa ba. Ni kuma gobe ƙarfe takwas teburina na kallon na matar nan.